Madubin da Kawu Sarkin Baka Ya Zaɓa

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda daga Yankara har Damari ba a kiransa da komai sai Sarkin Baka, ya amsa kira da hantsin Talatar da ta wuce. Yana kishingiɗe a zaurensa rai ya yi halinsa, bayan ya sha fura ya kuma yi wa Inna, matarsa, ƙorafin cewa nonon ya yi tsami.

An san ni da ƙari a magana, ban taɓa musawa ba. In na ga karnuka uku nakan ce garke na gani. Amma jama'ar da ta zo jana'izar Kawu, ko ni ban samu inda zan ƙara mata mutum ɗaya ba. Motocin katako sun zo cike har saman kai. Sababbin baburan nan da kuɗin mai ya watsa wa samari sun jeru daga ƙofar gida har bakin rijiya. Maharba sun zo da karnukansu, karnukan suka kwanta a inuwar katanga, babu wanda ya yi ko haushin gwaji. Wata tsohuwar Bafulatana da babu wanda ya san ta ta ajiye ƙwaryar nono a tsakar gida, ta ce wannan mutumin ya taɓa bin sawun ɗan maraƙinta wuni guda ya dawo mata da shi a kafaɗa, ta juya ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da mata suka dame ta da ban haƙuri sai ta ce, "Ni abin da ke damuna, wa zai riƙa ce mani hadari na tafe tun sama na fari fes, in kwashe shanya?"

Sai kuma aminin Kawu, wani tsohon Bamaguje daga wajen Ƙetare, wanda mu duka muke kira Baban Ƙetare. Tun suna samari suke shiga daji tare. An ce ya hau mota ya ƙi, da ƙafa ya zo. Da aka tsaya sallah ya koma gefe ya tsaya shi kaɗai, ya cire hula ya riƙe. Bayan an rufe kabari ya matso kusa da Liman.

"Malam, ina kuka juya mashi fuska?"

Liman ya ce, "Gabas, Baba."

"To, daji shina yamma. Zai sha waige."

Liman ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa, daga nan hawaye suka biyo ta. Mu ma haka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a wurin zaman makoki na ji wasu samari masu babura suna tambayar juna wane ne ya rasu haka. Ɗaya ya ce, "Tsohon nan ne mai leƙen ƙarfe a kan dutse." Iyakar abin da suka sani ke nan. Na ce wallahi ba za a bar shi a haka ba.

Kawu ɗan ƙaramin mutum ne, siriri. In ya tsaya kusa da ni sai ka ce ni ne rumbu shi ne tsanin hawa. Ba a jin tafiyarsa. Sau nawa ina tsaka da ba abokai labarin yadda na kori kura da takalmi, sai in ji murya a bayan kunnena: "Wanne takalmin, na dama ko na hagu?" Yana yawo da ɗan ƙullin toka a aljihu. Ko masallaci zai shiga sai ya ɗebi kaɗan ya saki, ya ga inda iska ta nufa. Ba ya cewa "na gani" sai ya duba sau biyu. Kuma in ya ce ya gani, magana ta ƙare, ko a gaban alƙali ne.

Idonsa kuwa, Allah ya yi masa baiwar da ban ƙara ganin irinta ba. Ni na ce ya taɓa tsayawa a kasuwar Yankara ya hango akuyar wani tana cin wake a gonar maƙwabci can ƙauyensu. Wannan ƙarina ne. Amma wanda ba ƙari ba, ina tsaye ya nuna wani baƙin ɗigo a gefen tsauni ya ce mariya ce, irin barewar nan ta fadama, mace, kuma tana ɗingishi da ƙafar baya. Muka sha tafiya muka isa, muka tarar da sawu uku masu zurfi da ɗaya mai ja.

Dokarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya rataya bindiga a ƙarƙashinsa ya haddace ta. Ba ka harbin abin da ba ka sani ba. Sai idonka, naka na kanka, ya shaida namiji ne ko mace, da ciki ko da goyo. Ranar da idon maharbi ya kasa rabe wannan, ya rataye bindigarsa a zaure, ya koma cin naman da aka kawo masa. Ya ce daji ba rumbun kowa ba ne, in ka kashe mai ciki ka kashe na baɗi da na baɗin baɗaɗa.

Wannan doka a kan yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ta fara sauka. Babban kawunmu ya tsufa, ya harbi mariya, aka feɗe aka tarar da ɗa a ciki. Washegari Kawu ya tafi gidansa, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ƙane ke gaida wa. Sannan ya miƙe ya sauko da bindigar daga jikin bango.

Babban ya ce, "Ni na koya maka ɗurin albarushi!"

Kawu ya ce, "Kai ka koya mani, Yaya. Kuma kai ka koya mani wannan."

Mahaifiyata ta yi fushi da shi har ta daina aika masa tuwo. Dangi suka rabu biyu. Amma tun daga ranar har babban ya koma ga Allah, duk naman da Kawu ya kayar, cinyar farko gidan yayansa take zuwa. Kuma kafin kowace fita sai ya je ya zauna a ƙasa ya tambaye shi ta ina za a bi, alhali ya fi kowa sanin ta inda za a bi. Tsohon ya yi ta zana masa hanya a ƙasa da kara, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar yau ya fara jin sunan rafin.

To, shekaru suka juyo kan Kawu, yana ta fara rufe masa ido. Inna ce ta fara ganewa, ranar da ya tsaya ya gaida turmi da aka yafa wa zane, har yana tambayarsa ya yara. Ni kuma ya fara kirana da sunan ƙanena sai na yi magana, ga shi ni da ƙanena bambancinmu kamar na tulu da gora. Kowa ya gani, babu mai iya faɗa. Wa zai je ya durƙusa ya sauko da bindigar Sarkin Baka?

Ga kuma buɗar daji tana matsowa. Ga wanda bai sani ba: in an gama girbi an kai amfani gida, babu maharbin da zai taɓa kunamar bindiga sai Sarkin Baka ya yi harbin farko. Dabbar da ya kayar ita ce fuskar shekara. In tsohon namiji ne, mutane su ce shekara ta yi kyau. In mai ciki ce, ranar babu kiɗa, kowa ya koma gida jiki a sanyaye. Kuma wanda ya buɗe daji shi ne Sarkin Baka, babu wani naɗi da ya wuce wannan harbi. Saboda haka abin da ke gaban Kawu a fili yake: ko ya harbi abin da ya sani ya ci gaba da sarautarsa, ko dokarsa ta ci shi kamar yadda ta ci yayansa.

Ana cikin haka sai ga taubashina, babban ɗan Kawu, daga Kaduna. Ya samu kwangilar kai tsakuwa wurin masu yin titi, kuɗi suka yi masa yawa har ya rasa inda zai sa su. Wannan shi ne mutumin da ya kawo wa Inna firji a garin da ko fitilar lantarki ba mu taɓa gani ba. Har yau a ciki take ajiye zannuwanta, ta ce gara ba ta shiga. Na ce masa, "Taubashi, baɗi jirgin ruwa za ka kawo mana, mu ɗaure a gindin kuka?" Ya ce in ya kawo ni zai fara ɗorawa ya ga ko zai nutse.

Amma a wannan zuwan ya yi hankali. Labarin idon ubansa ya kai masa, sai ya shiga kanti ya sayo madubin hangen nesa har iri biyu, don ya rasa wanda zai zaɓa. Ɗaya mai ido biyu ne, baƙi, da igiyar ratayawa a wuya. Ɗayan dogon bututu ne mai ido ɗaya, wanda ake kafawa a kan ƙafafu uku na ƙarfe. Kafin la'asar gari ya raɗa musu suna: Tagwaye da Dogo.

Ranar babu wanda ya yi aikin kirki. Liman ya leƙa Dogo ya ga ɗan'uwansa a can bakin fadama yana ɗaure jaki, ya ɗaga murya ya yi masa sallama, ya ji shiru, ya ce lallai mutumin nan ya fara girman kai. Wani saurayin maharbi ya ari Tagwaye ya hango zabi a tsallaken fadama, ya gan su kamar zai kama da hannu, ya sauke madubi ya ɗirka musu bindiga. Zabin ko kai ba su ɗaga ba, don ko ƙarar da ƙyar ta isa wurinsu. Ya sake ɗurawa ya sake harbawa, har albarushinsa ya ƙare. Daga nan ya ce bari ya matsa, ya taho da madubi manne a ido, ya zurma cikin ramin da aka haƙi ƙasar gini. Da aka kai ƙararsa wurin Kawu don ya yi harbi kafin a buɗe daji, Kawu ya ce a ƙyale shi, wanda ya harbi iska bai karya doka ba. Sannan ya ce wa yaron, "Idonka abin nan ya kai can. Bindigarka tana nan inda ka tsaya."

Taubashina ya ce wa ubansa duka biyun nasa ne. Kawu ya ce a'a, ɗaya zai riƙe, ɗaya na Baban Ƙetare ne, don bai taɓa cin abu shi kaɗai ya bar shi yana kallo ba. Sai dai a gwada a ga wanne ne na wa.

Aka aika Baban Ƙetare ya zo, muka hau dutsen da ke yamma da gari, wanda in ka tsaya a kansa daji yake shimfiɗe a gabanka har inda sama ta taɓa ƙasa. Tsofaffin nan biyu suka wuni suna musayar madubai kamar yara da sabon wasa.

Tagwaye ba shi da nauyi. Ka rataya a wuya ka yi tafiyarka, ka ɗaga ka share gefen daji guda da kallo ɗaya, duk abin da ya motsa ka gan shi. Amma hannun tsoho yana rawa, abin da ke ciki ma sai ya yi ta rawa, kuma in dabba ta yi nisa sosai za ka san dabba ce, ba za ka san cikinta ba. Dogo kuwa jaki ne kawai zai so ɗaukarsa. Sai an kafa shi, an daidaita ƙafafu, an zauna. Abin da yake nuna maka ɗan kaɗan ne, kamar mai leƙe ta hudar kara, kana iya wuni kana neman garke guda ba ka same shi ba. Amma in ka same shi! Na rantse da abincin da zan ci, na leƙa na ga ƙuda yana wanke hannu a gefen idon gada.

Baban Ƙetare ya ce, "Magana ta ƙare, Sarki. Kai ka ɗauki Tagwaye."

Kawu ya ce, "Dogo nike so."

"Dogo? Mi za ka yi da shi? Goya shi za ka yi ka bi nama?"

"A nan zan kafa shi."

"In ka sauka fa? In ka isa kusa, da wane idon za ka duba? Ka rataya wanga a wuya, ka ɗaga ka duba, ka sauke ka harba. Shekara biyar za ka ƙara kana Sarki, babu mai cewa uffan."

Wannan ce rana ta farko da wani ya ambaci idon Kawu a gabansa. Ni sai na kama kallon farcen ƙafata kamar yau aka ba ni su.

Kawu ya ce, "Na gwada. Tsakanin in sauke shi da in ɗaga bindiga, nama ya gitta, wani ya shiga wurin wani. Abin da na gani a gilashi daban, abin da ke bakin bindiga daban. In harbi inuwa ke nan in ce na sani."

"Kowa haka yake yi!"

"Kowa ba shi ya sauko da bindigar yayansa ba."

Baban Ƙetare ya tashi tsaye. Ya ce taurin kan masu sallah ya fi na jakin dutse. Kawu ya ce mai shan burkutu ba ya gane magana sai ta kwana. Baban Ƙetare ya ce ba ya son Tagwayen, a ba kare. Kawu ya rataya masa a wuya da hannunsa, ya ce karen ke nan ya samu. Tsohon ya sauka daga dutse yana ta faɗa shi kaɗai, amma bai cire igiyar ba. Kasuwa ta ci ta sake ci ba su yi wa juna magana ba. In sun haɗu a rumfar mai goro sai kowa ya ba ni saƙo in faɗa wa ɗayan, alhali gwiwoyinsu na gugar juna.

Ni kaina ban gane zaɓin ba. Na ce a raina tsufa ne. Mutum yana nutsewa an miƙo masa igiya, ya ce shi tabarma yake so.

Ranar buɗar daji ta zo. Al'ada ce mutum biyu su bi Sarkin Baka su zama shaidu, sauran maharba da makaɗa su jira a gindin dutse har su ji ƙarar bindiga. Kawu ya zaɓi Baban Ƙetare, kamar kullum, duk da gabar da suke yi. Na biyu ya zaɓe ni. Ya ce in an yi abin kirki ina da bakin da zan kai shi har garin Sabuwa, in an yi abin kunya kuma babu wanda zai yarda da ni.

Da sassafe muka hau, jaki na ɗauke da Dogo, ni ina ɗauke da tumbina. Kawu ya kafa shi da kansa, yana shafa kowane kusa da yatsa. Ya zauna ya manna ido. Baban Ƙetare ya tsaya can gefe ya ɗaga Tagwaye yana share daji, fuska a murtuke. Shi ya fara magana, ba tare da ya dubi kowa ba.

"A faɗa wa mai ƙarfe akwai gwanki a bakin rafi, ƙarƙashin itatuwan marke."

Kawu ya juya bututun a hankali har ya same su. Daga nan bai ƙara motsi ba. Rana ta ɗaga, ta fara cizo, inuwarmu ta taƙure, mutumin nan ko ƙuda bai kora ba. Gwanki kuwa shi ne jarrabawar maharbi, don macen da namijin duk ƙaho gare su, daga nesa kamanninsu ɗaya. Can sai ya fara magana ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta wasiƙar dangi. Waccan ta gaba ciki gare ta, ya tsufa. Ta bayanta ma haka. Waccan tana shayarwa, ɗan yana kwance cikin ciyawa. Ga wani saurayi, a bar shi, bai yi iyali ba tukuna. Sai ya ja numfashi.

"Ga shi can a gefe. Tsoho ne, sun fara korarsa. Kunnen hagu a yage, ƙahon dama ya gutsure a baki. Ya gama aikinsa a duniya. Zo ka gani, ɗan ƙanwata."

Na leƙa. Jama'a, ban san yadda zan faɗa ba tare da a ce ƙari na yi ba. Dabbar da ido bai gani ko ɗigonta, ga ta a gabana tana numfashi, haƙarƙari na tashi yana sauka, gashin wuyanta ya yi furfura, tana tauna a hankali tana kallon wani wuri kamar mai tunanin shekarun baya. Tsigar jikina ta tashi. Na ɗago na dubi Kawu, na ga shi ma fuskarsa haka take.

Ya miƙe ya ɗauki bindigarsa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya bar Dogo a tsaye a kan dutse, muka gangara ta bayan tsauni. Ya saki toka ya ga iska, ya canja hanya. Abin da na gani daga nan ba ido ba ne, ƙafa ce da hanci da kunne. Yana gaba, mu masu gani muna binsa. Bai taka busasshen ganye ko ɗaya ba. Ni kuwa kowane kara a dajin nan sai da ya nemi ƙafata ya gaishe ta. Muka yi rarrafe, muka ja ciki, har muka kwanta a bayan wani suri, warin dabbobin yana dukan hancinmu.

Sai dai kafin mu iso garken ya motsa. Sun cakuɗe, suna shiga cikin juna a inuwa.

Kawu ya ɗora bindiga a kan surin, ya kwantar da kunci. Na ga bakin bindigar ya tsaya a kan ɗaya, ya matsa kan wata, ya dawo. Ya lumshe ido ya buɗe. Ya goge shi da bayan hannu. Zufa tana ɗiga daga gemunsa.

Baban Ƙetare ya ɗaga Tagwaye ya duba, ya matso da bakinsa dab da kunnen Kawu. Gaba ta ƙare a nan.

"Na dama, Sarki. Wanda ke kusa da kututture. Ga yagaggen kunnen nan ina gani. Harba."

Kawu bai motsa ba.

"Shi ne, na rantse da kabarin ubana. Daidai inda bindigarka take. Taɓa kawai."

Ni ma na sa baki da raɗa: "Kawu, daga mu sai Allah. Ni kuwa ka san ko na faɗa babu mai yarda."

Bakin bindigar yana kan dabbar, wallahi yana kanta. Yatsa ɗaya ya rage tsakaninsa da wata shekarar sarauta. Sai na ga ya janye yatsan. Ya ɗago kuncinsa a hankali.

"A kan dutse na san shi," in ji shi. "A nan inuwa nike gani."

"Ni na gani!"

"Kai ka gani." Ya juyo da bindigar ya tura ta gaban amininsa. "Wanda ya gani shi ke harbi."

Baban Ƙetare ya dubi bindigar, ya dubi madubin da ke wuyansa, ya dubi Kawu. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don ni ma a lokacin ya faɗo mani. Mutumin nan tun ranar gwaji ya raba aikin: ya riƙe wanda zai zaɓi dabba da shi, ya rataya wa magajinsa wanda zai kai shi bakin harbi.

"Munafukin tsoho," in ji Baban Ƙetare. "Tun can ka shirya mani."

"Iska za ta juya. Yi sauri."

Baban Ƙetare ya share ido da hannun riga, ya duba sau ɗaya, ya ɗauki bindigar ya harba. Ƙarar ta tsaga daji, hayaƙi ya turnuƙe mu, garke ya watse kamar ƙasa za ta tsage. Da hayaƙin ya yaye, ga tsohon gwanki a kwance kusa da kututture. Kawu ya riga mu isa, ban san ta yaya ba. Ya lalubi wuyan, ya juya shi gabas, ya ambaci sunan Allah ya yanka, don kowa ya samu ci, kamar yadda suka saba tun suna samari. Sannan ya shafa kunnen hagu har yatsansa ya faɗa cikin yagar, ya gyaɗa kai.

Muna nan muka ji kiɗa yana tahowa. Maharba suka ɓullo da gudu, makaɗa a gaba, sun riga sun ɗauko taken Kawu. Ya ɗaga hannu, ganguna suka mutu. Bindiga tana hannun Baban Ƙetare, kowa ya gani, amma babu wanda ya yarda da idonsa.

Kawu ya ce, "Ku sake take. Ga Sarkin Bakanku. Namiji ne, tsoho, shekara ta yi kyau. Ni idona ya tafi."

Haka ya faɗe ta, a fili, kamar mai cewa ruwa ya ɗauke. Manyan maharba masu gemu, waɗanda suka kwana da damisa a rami, suka sunkuyar da kai. Babban makaɗi ya ɗaga gula ya kasa saukewa, sai da Kawu ya daka masa tsawa sannan ya fara, hawaye na zuba a kan fatar gangar.

Aka ɗaure gwanki a sanda, jama'a suka ɗunguma gaba da sabon Sarki, shi kuwa yana tafe yana waige yana zagin amininsa. Kawu ya tsaya har suka yi nisa. Hannuwansa babu komai, ya rasa inda zai sa su. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin bayan wani a gabansa cikin daji ba, sai na ji tafinsa a kafaɗata.

"Ja ni, ɗan ƙanwata. A hankali. Kuma kada ka cika ni da surutu."

Daga bakin rafin nan har ƙofar gida ban ce uffan ba. Duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Bai harbi abin da bai sani ba, bai ɗora wa wani dokar da ya ƙi ɗauka ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka masa shi. Ka ba Inna da mu duka haƙurin rashinsa, mu kuma ka sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.